Filin Lafiyar Iyali: Iskar Dariya Da Tsoron Likitan Haƙori

Yau maganata da ke ce, yayar gida, wadda ake barin ƙanne a hannunki, kuma gobe in Allah ya yarda naki za ki rena.

Na lura da wata ɗabi'a a unguwanninmu na Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni. Da yaro ya yi ƙiriniya sai a ce, "Wallahi zan kai ka likita ya tsira maka allura!" To ran da alewa da gullisuwa suka yi masa kogo a haƙori, sai ya ɓoye ciwon don tsoro, har kumatu ya kumbura. A gida kuma a yi ta cusa kanumfari ana cewa ai zai yi famfara. Alhali ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano nan kan titin Zariya, inda ɗaliban Jami'ar Bayero ke koyon likitancin haƙori.

Shi tsoron ma likitoci suna da dabararsa. Akwai wata iska, nitrous oxide, da ake wa laƙabi da iskar dariya. Ba sabuwa ba ce, don tun 1844 wani likitan haƙori a Amurka, Horace Wells, ya shaƙe ta aka cire masa haƙori. Ana haɗa ta da iskar oksijin, a ɗora wa yaro 'yar robar shaƙa a hanci. Ba barci zai yi ba, idonsa biyu, yana amsa magana, sai dai jikinsa ya saki, fargaba ta kwanta. Galibi duk da haka sai an yi allurar kashe zafi a dasashi, amma ba kokawa. In an gama a ba shi oksijin zalla kamar minti 5, ya wartsake.

Ba kowane asibiti ke da na'urar ba, don haka ki tambayi likita, shi zai duba ko ta dace. Ki gaya masa in yaron yana mura ko hancinsa ya toshe, don ta hanci take shiga. Haka in yana da sikila, asma ko ciwon kunne. Kada a cika masa ciki kafin a je, tana iya sa tashin zuciya. Mai ƙaramin ciki kuma gara ta jira a waje.

Sai jan kunne. Wannan iskar ce wasu ke ɗurawa a balan-balan suna zuƙa a wajen fati, abin da ya sa hukumar NDLEA ta shiga farautar masu sayar da ita a 2023. Wancan ba oksijin, ba likita, kuma yawan zuƙarta yana lalata jijiyoyi har ƙafa ta kasa ɗaukar mutum. Ko saurayinki ne ya miƙo miki, ki ce Allah ya kiyaye.

Roƙona dai, mu daina razana yara da likita. Ki sa ƙanenki goge baki safe da dare, in kin ga baƙin ɗigo a haƙori ki sanar da Umma tun da wuri, don icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Ku huta lafiya.