Kafin ka ce wa Baba "i9 nake so"

Ƙannenmu da yawa sun ɗauka da an ga Core i9 a jikin laftof, magana ta ƙare. Mu ma haka muka ɗauka kafin mu shiga jami'a.

Furosesa ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta, a cikinta akwai ƙananan ma'aikata da ke raba aiki. Core i9-14900HX ta Intel tana da 24: takwas majiya ƙarfi, 16 masu tsimin wuta. Ryzen 9 7945HX ta AMD 16 gare ta, amma duk majiya ƙarfi ne. Wajen haɗa bidiyo kusan kunnen doki suke yi. A gem kuwa, katin hoto irin RTX na Nvidia ya fi furosesa tasiri, don haka can ya kamata kuɗi su fi tafiya.

Matsalar ita ce wuta. Masu HX a ƙarshen suna daga wat 55 suke farawa, kuma sukan haura 100 in aiki ya yi nauyi. Da an ɗauke wuta gudu ya ragu, batir ya zube, ga fanka na ta ihu cikin zafin Afrilu. M4 Max ta Apple tana riƙe ƙarfinta ko a kan batir, sai dai ga tsada, kuma yawancin gem don Windows aka yi su.

A ganinmu, ɗan gem mai tabbacin wuta ya ɗauki HX, mai yawo da aikinsa ya duba Apple. In ta hannu za a saya, a tambayi shekararta, don i7 ta 2012 ba ta kamo i3 ta yanzu.