Lafiyar Iyali: Ki Kawo Musu Argungu Cikin Ɗaki

Uwargida, daga Maris zuwa Mayu zafin Birnin Kebbi kan haura digiri 40, dole yara su wuni a ɗaki. Da sun fara rigima, sai a miƙa musu waya. Alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban waya ko talabijin, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana.

To, me zai ɗebe musu kewa? Ki shirya musu bikin kamun kifi irin na Argungu. Ki yanka kwali siffar kifaye, manya da ƙanana, ki watsa bisa tabarma, ita ce kogin Matan Fada. Kowa ya riƙe ƙwaryarsa. Da kin buga gwangwani sai su faɗa kamu, sannan su ƙirga. Wanda ya kamo giwan ruwa shi ne Sarkin Ruwa, shi zai zaɓi tatsuniyar Gizo da za a yi.

Amma kada a zuba ruwa a baho. Ɗan kaɗan ya isa ya hallaka ƙaramin yaro. Ban da wake ko gyaɗa a wasan, sukan maƙale a hanci ko maƙogwaro, muna yawan ganin haka a asibiti. In yayarsu za ki bar wa reno, ki koya mata wasan, ki ɗauke kananzir da magunguna inda hannu ba ya kaiwa.

Wane wasa ke kwantar da naki? Ki faɗa mana.