Alƙalan Bakin Titi da Yaran Filin Wasa

Akwai wata magana da ta zauna a bakin mutanenmu har ta zama tamkar hadda, wadda za ka ji ta a majalisun dare na Gumel, da rumfunan masu shayi na Maigatari, da gindin itatuwan Gagarawa da Sule Tankarkar, duk sa'ad da labari ya zo cewa wani matashi ya halaka kansa ko ya yi yunƙurin haka: wannan ya ce rashin tawakkali ne, wancan ya ce ai ɗan ƙwaya ne, na ukunsu kuwa, wanda ya fi su ƙarfin hali, ya yanke cewa ya mutu kafiri, ba salla ba addu'a. In kuwa aka ce yaron ɗan ƙwallo ne ko ɗan dambe, to, an gama shari'a tun kafin a zauna, domin a wurin jama'a da yawa wanda ya ɗauki wasa sana'a ya riga ya fita daga sahun mutanen kirki, abin da ya same shi kuma shi ya saya da kuɗinsa. Wannan ra'ayi nake jayayya da shi, saboda kuskure ne a ma'aunin shari'a, zalunci ne a ma'aunin hankali, kuma yana daga cikin abubuwan da ke ƙara ingiza 'ya'yanmu zuwa ga abin da muke da'awar muna ƙyama.

Kada mai karatu ya yi mini gaggawa. Kashe kai haramun ne da nassin Alƙur'ani a cikin Suratun Nisa'i da ingantattun hadisai, yana cikin manyan kaba'irai, kuma babu malami ɗaya abin dogaro da ya yi saɓani a kan haka. Amma tsakanin haramcin aiki da kafirta mai aikin akwai tazara mai nisa, wadda malaman Sunna suka kashe rayuwarsu suna tsaronta, domin kafirta Musulmi saboda babban zunubi aƙidar Hawarijawa ce, ba ta Imamu Malik ba. Duk wanda ya taɓa durƙusawa a zauren malami a ƙasar Lautai, wato masarautar Gumel, ya buɗe Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, ya wuce ta babin jana'iza, inda aka bayyana ƙarara cewa ana yi wa wanda ya kashe kansa salla. Gaskiya ne an ruwaito a Sahihu Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai sallaci wani mutum da ya aikata haka ba. Sai dai jumhurun malamai sun fassara wannan da cewa tsawatarwa ce ga masu rai, kuma bai hana sahabbai su sallace shi ba. A cikin Sahihu Muslim ɗin dai aka kawo ƙissar Ɗufailu ɗan Amru Addausi da abokin hijirarsa, wanda ya yi ciwo a Madina, ciwon ya fi ƙarfin haƙurinsa har ya yi sanadin ajalinsa da hannunsa, sa'an nan Ɗufailu ya gan shi a mafarki cikin kyakkyawan hali, ya ba Annabi labari, Annabi kuma ya roƙa masa cikar gafara. Imamu Nawawi ya kafa hujja da wannan hadisi cewa irin wannan mutum bai kafirta ba, yana ƙarƙashin mashi'ar Ubangijinsa, in ya so ya yi masa azaba, in ya so ya yafe. To, wanda Annabin rahama ya ɗaga hannu ya roƙa wa gafara, da wane ilimi ɗan majalisa, yana kurɓar shayi, zai rufe masa ƙofa?

Sa'an nan akwai mas'alar taklifi, wadda masu saurin hukunci ba su taɓa tsayawa a kanta ba. Shari'a ta ɗauke alƙalami daga mai barci har ya farka, da yaro har ya balaga, da wanda hankalinsa ya gushe har ya dawo. Likitoci kuwa sun tabbatar cewa da yawa daga masu kai wa wannan matsayi suna fama ne da ciwon damuwa mai tsanani, wanda ke toshe wa mutum tunani har ya daina ganin kowace ƙofa, ya ɗauka cewa iyayensa ma za su huta in ba ya nan. Ba kowane mai damuwa ne ya fita daga taklifi ba, kuma ni ba muftin da zai rarrabe ba ne. Abin da nake cewa shi ne, iyakar hankalin da ya rage wa bawa a sa'arsa ta ƙarshe ilimi ne da Allah ya keɓanta da shi. Masu cewa wannan ciwo ƙirƙirar Turawa ce su sani cewa Abu Zaidin Albalhi, malamin Musulunci da ya rasu a 934, ya riga ya rarrabe tsakanin baƙin cikin da ke da sananne sababi, kamar rashi ko hasara, da wanda ke sauko wa mutum ba tare da dalili na zahiri ba, ya ce na biyun yana da tushe a jiki kuma yana bukatar magani. Asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 yana da sashen masu taɓin hankali. Magabatanmu sun yi jinya, mu kuma muna gori.

Yanzu mu dubi yaron da ake magana a kansa, domin duk wanda ya zauna a wannan yanki ya san irinsa. Ya tashi yana buga ƙwallo ba takalmi a filin makarantar firamare, rairayi na cin ƙafarsa, duwatsu biyu ne raga, har ya zama in ya karɓi ƙwallo sai yara su hau katanga, manya su tsayar da babura. Aka sa masa sunan wani gwarzon Turai, aka daina kiransa da na yanka. Kowa ya ce masa shi ne Ahmed Musa na gobe, alhali kuwa cikin dubban yaran da ke buga ƙwallo tsakanin Gumel da Kano, waɗanda za su sami gurbi ko da a Jigawa Golden Stars ko Kano Pillars ba su taka kara sun karya ba. Sai wani mai jaka ya ɓullo, ya ce shi dillalin 'yan wasa ne, yana da hanya a ƙasar waje, a kawo kuɗin fasfo da biza. Uban ya ja san nomansa ranar Alhamis zuwa kasuwar Maigatari, ya tsaya a kara cikin ƙura yana ciniki da fatake, ya sallama shi a kan abin da bai kai ba, ya ƙulle kuɗin a aljihun 'yar ciki ya kawo. Uwar ta haɗa da kuɗin riɗinta da na zoɓo. Babu wanda ya gaya musu cewa dokar FIFA ta hana, in ban da 'yan togaciya kaɗan, a ɗauki yaron da bai kai shekara 18 ba zuwa wata ƙasa. Bayan wata shida ko shekara yaron ya dawo, ko dai an yashe shi a wani masauki, ko gwiwa ta tashi aiki, ga bashin gida a wuyansa, ga damina ta zo babu abin huɗa. Ya fito majalisa, waɗanda suka yi masa tafi jiya su ne yau ke tambayarsa, cikin dariya, yaushe jirgin zai tashi. Ya daina fitowa. Ya koma kwana da rana, ya daina cin abinci, ya bar wanka, sai a ce ya zama malalaci, ko a ce an yi masa sammu. In wani aboki ya miƙa masa tiramol don ya sami barci, sai a ce ga shi nan, da ma mun faɗa. Ƙwayar da muke kafa hujja da ita, sau da yawa a ƙarshen labarin ta shigo, ba a farkonsa ba.

Ɗan dambe kuwa halinsa ya fi wannan tsanani, domin shi an gina sana'arsa ne kacokan a kan cewa ba ya tsoro kuma ba ya jin zafi. Makaɗi na zuga shi, 'yan kallo na liƙa masa kuɗi, yana shan naushi a ka shekara da shekaru bayan kowace kaka, ba likita a gefen fage, alhali masana sun daɗe da sanin cewa yawan bugun kai yana taɓa ƙwaƙwalwa, yana sauya hali, yana kawo mantuwa da ƙunci. Ranar da aka kashe shi a fage, wato ya kai ƙasa, sai kalangu ya koma bayan wani. Mutumin da aka raina a kan cewa namiji ba ya kuka, wa zai je ya gaya wa cewa dare na yi masa tsawo?

Wannan ɗabi'a tamu ta ɗaga mutum sama mu sake shi ba ta tsaya ga ƙananan yara ba. A ranar 17 ga Yuni 2010, a gasar cin kofin duniya ta Afirka ta Kudu, Sani Kaita, ɗan Kano mai shekara 24, ya kai wa ɗan wasan Girka ƙafa a bakin layi, aka ba shi jan kati, Nijeriya da ke gaba da ci ɗaya ta koma ta sha kashi biyu da ɗaya. Ya fita fili ya rufe fuskarsa da rigarsa, ya nemi gafarar ƙasa, amma abin da ya biyo baya shi ne saƙonnin barazanar kisa, har jami'an tawaga suka nemi a ba shi kariya. Kuskuren daƙiƙa ɗaya ke nan a cikin wasa. Rashidi Yekini kuma, haifaffen Kaduna, gwarzon Afirka na 1993, wanda ya ci wa Nijeriya ƙwallonta ta farko a kofin duniya a ragar Bulgeriya a 1994, ya ci mata 37 jimilla, ya ƙare kwanakinsa a Ibadan cikin kaɗaici, jaridu na ta yaɗa zancen lafiyar hankalinsa. Shi ba kansa ya kashe ba, Allah ya jiƙansa. Amma sai da ya rasu ranar 4 ga Mayu 2012 sa'an nan aka cika gari da yabo da alkawura. Tausayin da ba ya zuwa sai an ɗauki makara, lalle ba mamacin ake yi wa ba.

Wani zai ce ai wannan musiba ta waɗanda ba su da imani ce, mu nan ba mu san ta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum 700,000 ke mutuwa ta wannan hanya kowace shekara, fiye da kashi 70 cikin ɗari a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali, kuma tana cikin manyan sababan mutuwar masu shekara 15 zuwa 29. Haƙiƙa imani garkuwa ne, zumunci ma garkuwa ne, kuma muna da su. Amma ƙarancin labari a wurinmu yana da wani dalili na daban, wato iyalin da abin ya faɗa wa sukan ɓoye, su ce zazzaɓi ne ko haɗari, don gudun kada a ƙaurace wa zaman makokinsu, kada a ƙi auren 'ya'yansu mata. Ko a Jamus ɓoyon ne ya yi ɓarna: Robert Enke, mai tsaron gidan Hannover da tawagar ƙasar, ya yi shekaru yana jinyar ciwon damuwa a asirce saboda tsoron abin da za a ce da abin da zai rasa, har ya halaka kansa a Nuwamban 2009 yana da shekara 32. Matarsa ta fito ta faɗi gaskiya a bainar jama'a, aka kafa gidauniya da sunansa don kula da lafiyar hankalin 'yan wasa.

Hujja mafi ƙarfi da masu tsanantawa ke da ita, kuma ba na raina ta, ita ce cewa in aka sassauta harshe za a buɗe ƙofa, gara a bar tsoro ya tsare mutane. Na yarda cewa bai halatta a ƙawata wannan aiki ba, kuma masu yaɗa hotuna da bayanin yadda aka yi a Facebook da WhatsApp suna ɗaukar alhaki mai nauyi, domin an san irin wannan yaɗawa tana jan masu rauni su kwaikwaya. Amma a lura da wanda zagin ke isa kunnensa. Mamaci ya riga ya tafi ga Mai hukunci. Masu ji su ne uwar da ke zaune a ɗaki tana jin ana jefa ɗanta wuta ta bayan danga, da wani yaro na biyu da ke zaune shiru a gefen tabarmar majalisar, wanda irin wannan tunani ke yi masa yawo, ya zo yana neman wanda zai buɗe wa cikinsa, sai ya ji yadda ake yi da mai irin halinsa, ya haɗiye maganarsa ya tashi. Tsoron ya hana shi magana, bai taɓa ciwon ba.

Dokar ƙasa ma a kan wannan kuskure take. Sashe na 231 na kundin Final Kod na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya, ko tara, ko duka biyu, ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa ya tsira; ma'ana, wanda Allah ya kuɓutar sai a kai shi ofishin 'yan sanda maimakon gadon asibiti, iyalinsa kuma su ji tsoron neman taimako. Ingila, wadda ta kawo mana wannan tsari, ta soke nata tun 1961, Gana ta soke a 2023. A farkon 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, wannan kuwa ci gaba ne, sai dai ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200 likitocinta na wannan fanni 'yan ɗaruruwa ne kawai, mutumin Sule Tankarkar kuma sai ya nemi kuɗin mota zuwa Kazaure ko Dawanau ta Kano kafin ya ga ɗaya. Wajibi ne wakilanmu a majalisar jiha da ke Dutse su nemi a cire wannan hukunci daga dokar jiha, a kuma horar da ma'aikatan babban asibitin Gumel da ƙananan asibitocin karkara su iya gane wannan ciwo su fara ba da taimako.

Kafin hukuma ta motsa, akwai abin da ke hannunmu. Limamanmu na Juma'a, waɗanda ake saurara fiye da kowane likita, su faɗi hukuncin da cikarsa: su faɗi haramcin, su faɗi cewa ana salla ana ta'aziyya, su faɗi cewa neman magani ba ya warware tawakkali, ruƙiyya da asibiti kuma ba kishiyoyi ba ne. Masu horar da yara a filayen unguwa da shugabannin 'yan dambe su riƙa bin sawun wanda ya ji rauni ko aka sallama, domin a makonnin nan na farko ne ƙasa ke juya masa. Wanda kuma ya ga abokinsa ya janye daga mutane, yana rabar da kayansa, yana neman yafiya ba dalili, yana cewa ya gaji da duniya, to, ya zauna kusa da shi ya tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin halaka kansa, domin tambayar ba ta dasa tunanin, sau da yawa ma ita ke sauke nauyin. In ya amsa, kada a yi masa wa'azin wuta a wannan sa'a, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da abin da zai iya cutar da kansa da shi, a sanar da wani babba mai rufin asiri a gidansu, a nemi mota a kai shi asibiti a ranar.