Sharhi: Shugaban Ikilisiya da Baƙon Ƙofarsa

Sharhinmu na yau zai duba wani sharaɗin shugabanci da ba kasafai ake tuna shi ba idan an zo zaɓen fasto ko dattawan ikilisiya, wato karɓar baƙi.

A wasiƙarsa ta fari zuwa ga Timoti, sura 3, Manzo Bulus ya jera halayen mai kula da ikilisiya, ya sa karɓar baƙi kafaɗa da kafaɗa da iya koyarwa. Ya sake nanata wa Titus haka. Wasiƙar Yohanna ta uku kuwa ta yabi Gayus saboda yana saukar da 'yan'uwa matafiya, ta zargi Diyotarifis, mai son a ce shi ne babba, wanda ba ya karɓarsu, har yana korar masu karɓarsu daga ikilisiya. Ashe son girma da rufe ƙofa tafiyarsu ɗaya.

To, wane ne baƙo a Zamfara yau? Daga ƙauyukan Tsafe zuwa na Bungudu, har Kekun Waje, kowa ya san yadda 'yan bindiga suka raba manoma da gonakinsu. Da yawa sun kwararo Gusau. Za ka ga uwa da goyo da ƙunshin kaya a ka, ta raɓe a kangon ginin da ba ƙyaure, yaranta suna bin layi da kwano. Akasarinsu Musulmi ne, kuma Littafi Mai Tsarki bai ce a tambayi mai yunwa addininsa ba. A Luka sura 14 ma, Yesu ya umarci mai biki ya gayyaci waɗanda ba su da halin rama masa.

An riga an nuna mana hanya daga ɓangaren Musulmi. A watan Yunin 2018, Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye Kiristoci sama da 200 a masallacinsa da gidansa a yankin Barikin Ladi, ya hana mahara taɓa su.

Gaskiya ne akwai tsoron infoma a cikin baƙi, kuma tsoron yana da dalili. Amma maganinsa taka-tsantsan ne: a haɗa kai da mai unguwa da limamin unguwa, a san wanda aka saukar da inda ya fito.

Saboda haka muna kira ga shugabannin ECWA da Angilikan da Katolika da sauran ikilisiyoyin jihar Zamfara, su ware wani kaso na baiko domin abinci da magani, su danƙa rabon a hannun zumuntar mata, waɗanda suka fi kowa sanin gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba. Ranar zaɓen dattawa kuma, kafin a yabi muryar mutum da wa'azinsa, a tambaya: su wa suka ci tuwo a gidansa bana?