Kafin Hadari Ya Haɗu: Waiwaye Kan Hanyoyin Ƙasar Gezawa

Akwai zamanin da aka raba hanyoyin mota na ƙasar Kano gida biyu: waɗanda ake bi rani da damina, da waɗanda ake bi da rani kaɗai. Hanyar rani kowa ya san matsayinta. Da ruwa ya kankama sai mota ta daina shiga, jaki da ƙafa su ci gaba da sha'aninsu. Da kaka ta kunno kai sai En'e ta fito da mutane su cike ramuka, su sare ciyawar da ta rufe hanya, su gyara mashigai, don kada cinikin gyaɗa ya buɗe hanya ba ta shirya ba. Gyaɗar ce ma ta kawo tsarin. Tun da dogo ya iso Kano a 1911, aka kuma miƙa reshensa ta Jogana da Ringim har Nguru a 1930, hankalin Turawa yana kan yadda buhu zai bar gona ya isa tasha.

Hanyar da ake bi duk shekara kuwa, wadda yawanci burji ce ba kwalta ba, tana da masu ita. An yanka ta mil-mil, kowane yanki da leburorinsa da helumansu, da ɗan sansanin da suke kwana a gefen hanya. Kayan aikinsu bai wuce diga da shebur da kwanon ɗiban ƙasa da baro ba. Dattawanmu da suka ga ƙarshen wannan zamani suna ba da labarin tulin jar ƙasa da ake jerawa a bakin hanya tun da rani, tuli bayan tuli, ana jiran ranar da za a buƙace ta. Lebura zai bi yankinsa da safe, in ya ga ɗan rami ya zuba ƙasa ya daddale, in ya ga lambatu ya fara cushewa ya kwashe yashin, ya buɗe 'yar hanyar da ruwa zai sauka daga doron titi ya shiga fili. Sai kuma shinge. In an yi ruwa mai ƙarfi, akan gitta ƙarfe ko gungume a tsare manyan motoci na wasu sa'o'i har ƙasa ta tsane. Direbobi ba sa so, fasinja ma ba ya so, amma ana tsayawa. Har yau ana yin wannan shingen ruwa a hanyoyin burji na Nijar da Chadi da Kamaru.

Ba na cikin masu yi wa mulkin mallaka ado. Da yawa daga hanyoyin farko da aikin tilas aka share su, hakimi ya aika wa dagaci, dagaci ya aika wa mai unguwa, a ɗebo talakawa daga gonakinsu ba tare da biyan kirki ba. Wannan zalunci ne, kuma bai kamata a manta da shi ba. Amma a cikin tsarin akwai fahimta guda da ta fi ƙarfin zamaninta: hanya ba abin da ake ginawa a juya baya ba ce, kuma abokin gabarta yana da watan zuwa.

Duk injiniyan hanya zai gaya maka ruwa ne babban maƙiyinta. Kwalta fata ce kawai. Abin da ke ɗaukar nauyi shi ne ƙasar da aka danne a ƙarƙashinta, kuma ƙarfinta yana tare da bushewarta. In ruwa ya kwanta a gefe ya tsuma ta, ko ya sami tsaga ya shiga, sai ta yi laushi. A daidai wannan lokaci in tifa ɗauke da yashi ta hau, ɓarnar da za ta yi ta wuce hankali. Wani babban gwaji da aka yi a jihar Ilinoi ta Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna cewa in nauyin da ke kan ƙafar mota ya ninka biyu, lahanin da take yi wa titi yakan ninka kusan sau 16. Ke nan mutumin da ke tsaye a shinge da fitilarsa yana kare hanya ne a 'yan sa'o'in da ta fi rauni.

Abin da ya sa na tuna da wannan shi ne yadda ƙasashen sanyi ke fama da tasu masifar. Su dusar ƙanƙara ce, tana zuba ta lulluɓe titi, ta daskare ta zama santsi, birki ya daina kamawa. Maganinsu na farko gishiri ne, domin ruwan da ya sha gishiri ba ya daskarewa da wuri. Amurka kan watsa wajen tan miliyan 20 a titunanta a shekara. Ingila na haƙo kaso mai yawa na nata a wani rami a garin Winsfod, ana tara shi a rumbuna tun bazararsu, rana na dukan ƙasa, babu ko alamar sanyi. Ba sa jiran dusar ta sauka. Da masu hasashen yanayi sun ce daren yau zai daskare, motoci za su fita su fesa ruwan gishiri a titi busasshe, don kada ƙanƙarar ta manne tun farko. An jera hanyoyi bisa muhimmanci: ta asibiti da ta motocin haya da babbar hanya su ne farko, lungu ya jira. Kowane direban motar kwashe dusa ya san layinsa tun kafin hunturu. Gishirin yana da nasa sharri, yana cin ƙarfen gada da ƙasan mota, yana gurɓata ƙoramu, kuma in sanyi ya sauka ƙasa da kimanin digiri 9 a ƙarƙashin sifiri aikinsa yakan ragu ƙwarai, sai a koma ga yashi da wasu sinadarai. Suna ta neman rage shi.

Su ma suna da shinge. Idan ƙanƙarar da ke cikin ƙasa ta fara narkewa, ƙarƙashin titi yakan jiƙe ya yi laushi kamar namu a Agusta, sai hukuma a Faransa da lardin Kebek na Kanada da jihar Minesota ta rage nauyin da manyan motoci za su ɗauka har ƙasa ta dawo hayyacinta.

Sannan akwai hisabi. A Janairun 1979 dusa ta binne birnin Shikago, tituna suka toshe kwana da kwanaki, wata guda bayan haka magajin garin, Michael Bilandic, ya faɗi zaɓen fid da gwani a hannun Jane Byrne. A Ingila kuwa, tun 2003 doka ta ɗora wa hukumomin hanya alhakin su yi iya ƙoƙarinsu kada dusa ko ƙanƙara ta jefa matafiyi cikin haɗari. Ba wanda ya ce su hana sanyi zuwa. An ce ne kada ya same su ba shiri.

Mu dawo gida. Ƙaramar hukumar Gezawa faɗinta kilomita murabba'i 340 ne, kuma ƙidayar 2006 ta sami mutum fiye da 280,000 a cikinta. Ƙasa ce da ba a barin gona ta huta, gida na kallon gida, gona na jingine da gona. Babban titin da ya fito daga Kano ta Yankaba ya ratsa Jogana da Gezawa ya shiga Jigawa shi ne kowa ke gani. Amma rayuwar mutanen Tsamiya Babba da Wangara da Ketawa da Tumbau da Babawa ba a kansa kaɗai take ba. Tana kan 'yan hanyoyin da ke fitowa daga ƙauye su tarar da shi, waɗanda da yawansu burtali ne da aka faɗaɗa, ya yi ƙasa da gonakin da ke gefensa saboda shekarun da kofato da ruwa suka yi suna cinsa. Hanyar da ta fi gona zurfi kuwa, da damina rafi ce.

Je ka tsaya bakin wani kwalbati a ƙarshen Yuli ka duba cikinsa. Yashi ya cika rabi tun bara. A kan yashin akwai ledar ruwa da karan dawa da tsumma, sun sarƙe sun zama bango. Ruwan dare ya zo ya sami ƙofa a rufe, ya taru, ya haura ta sama, ya fara cin kafaɗar hanya ta ɗaya gefen. Mako biyu, ramin ya isa tsakiya. Samari sun cika buhunan siminti da ƙasa sun jera, sun gitta itace, suna tura akori-kura ana ba su na goro. Mai babur ya ninka kuɗi, kuma ba za ka zarge shi ba, don shi zai sayi sarƙa. Mai tumatir da yalo da ya so ya riski kasuwar Yankaba da asuba ya isa rana ta take. Mace mai naƙuda ana ɗora ta a amalanke. Wannan duka ya faro ne daga aikin da mutum uku da shebur za su iya gamawa a yini ɗaya cikin Afrilu. Magidancin da ke da soron ƙasa ba ya jiran ruwan fari kafin ya yi yaɓe ya gyara indararo. Abin da ya sani game da ɗakinsa shi ne hukuma ta manta game da hanya.

Ta yaya aka manta? A ganina tun zamanin kuɗin mai ne, lokacin da aikin hanya ya koma kwangila zalla. Leburan dindindin ya zama tsohon yayi, sansanoninsu suka watse, aka koma jiran hanya ta mutu sarai sannan a ba da ita a sake ginawa. Sabon titi ana yanka masa kyalle a kafa allo. Yashe lambatu ba ya fitowa a hoto. Gwamnatoci sun yi ta kawo shiri. Babangida ya kafa DFRRI a 1986, ta buɗe hanyoyin karkara da dama, amma ba ta bar masu kula da su ba. PTF ta zamanin Abacha ta gyara tituna, ita ma ta wuce. A 2002 aka kafa FERMA don kula da titunan tarayya, Kano kuma tana da KARMA don nata. Gyaran da aka yi wa dokar FERMA a 2007 ya tanadi kashi 5 cikin ɗari na kuɗin man fetur da gas don gyaran hanya, hukumar kuma ta sha kokawa cewa kuɗin bai zo hannunta ba. Ba mu kaɗai ba ne. Wani rahoton Bankin Duniya na 1988 ya ƙiyasta cewa ƙasashe masu tasowa 85 sun yi asarar hanyoyi na dala biliyan 45, abin da kulawar dala biliyan 12 za ta iya tsarewa.

A shekarar da rahoton ya fito ce, cikin Agustan 1988, madatsar ruwa ta Bagauda ta ɓalle. A 2022 ambaliya ta shafe gonaki da hanyoyi a Ringim da Haɗeja, maƙwabtanmu. A Agustan 2024 ruwa ya datse titin Kano zuwa Maiduguri a ƙasar Katagum. Kowannensu cikin watannin da aka saba ya zo. Hukumar kula da yanayi ta NiMet tana fitar da hasashen damina tun farkon shekara, da ranar da ake sa ran faɗuwar ruwa a kowace jiha, hukumar NIHSA kuma tana bin bayanta da jerin wuraren da ambaliya ke barazana. Labarin yana zuwa a kan kari. Wanda zai karɓe shi ya mayar da shi aiki ne babu. Ko hazon hunturu, da kan rufe ido har jirage su kasa sauka a filin Malam Aminu Kano, ba baƙo ba ne. Fenti a tsakiyar titi da alama mai ƙyalli a kwana aikin Nuwamba ne.

Nauyi mafi girma yana wuyan ƙaramar hukuma. Kusan kashi biyu cikin uku na hanyoyin Nijeriya nata ne, kuma tsarin mulkin 1999 ya ambaci gina hanyoyi da magudanan ruwa da kula da su cikin ayyukanta. Uzurinta kullum shi ne kuɗinta ba ya isowa cikakke, kuma uzuri ne mai gaskiya a ciki. Hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke ranar 11 ga Yuli 2024, cewa a biya ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, in ya tabbata a aikace, zai rage wannan uzuri. Kano na cikin jihohin shirin RAAMP na hanyoyin karkara da Bankin Duniya ke tallafawa, amma hanyar da shirin zai gina ma sai ta sami mai yashe mata lambatu.

Abin da nake fata bai fi ƙarfin Gezawa ba. Mazaɓu 11 ne. Kowane kansila ya zagaya da ma'aikacin sashen ayyuka cikin Fabrairu su rubuta kwalbatocin mazaɓarsa da wuraren da ruwa ya ci bara. A ɗauki matasan ƙauyen da ke kan hanyar, a ba kowace ƙungiya yankinta da albashinta, a liƙa sunan shugabanta a ƙofar dagaci don a san wanda za a tambaya. A jibge jar ƙasa kusa da wuraren rauni kafin Mayu. A zauna da ƙungiyar masu tifa a yi yarjejeniya cewa ba a shiga hanyar burji da lodi washegarin ruwa.

Mafi wuyar sha'ani ba kuɗi ba ne, fili ne. Ruwan da aka kora daga hanya dole ya sami wurin zuwa, kuma a ƙasar da kowane taku yake da mai shi, wurin nan gonar wani ce. Kududdufan da a da suke shanye shi an cike da yawansu an yi gini. Manomin da ya toshe bakin magudana da dare ba mugunta ce ta sa shi ba, geronsa yake ceto, don ruwan titi yakan kwantar da shuka ya bar masa yashi. Irin wannan ba gireda ke warware shi ba. Sai mai unguwa da dagaci sun zaunar da masu gonakin tun da rani, an auna inda ruwa zai bi, an raba shi ƙofa da yawa maimakon a tara wa mutum ɗaya, wanda kuma aka ci wa kunya biyu ko uku a biya shi diyyarsa kafin ya yi shuka.