Sharhi: Tsakanin bututun AKK da bututun kicin a Kudancin Kaduna

Tun daga ranar 30 ga watan Yunin 2020, lokacin da tsohon Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin shimfiɗa bututun iskar gas daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, wanda aka fi sani da AKK, jama'a da dama suke fatan ganin ranar da gas zai shigo gidajensu kamar ruwan famfo.

Sai dai bututun, mai tsawon kilomita 614, an tsara shi ne da farko domin ciyar da tashoshin wutar lantarki da masana'antu, kuma manyan tashoshinsa suna Abuja da Kaduna da Kano ne. Kafin gas ɗin ya isa unguwannin Kafanchan ko Kagoro ko Zonkwa, sai an ja ƙananan bututu zuwa garuruwan, an gina wuraren rage ƙarfinsa, an kuma sanya mita a kowane gida. Wannan aiki ne na shekaru.

Abin da ke ƙasa a yanzu shi ne gas ɗin tukunya, wanda tsadar kananzir da wahalar samun itace da gawayi suka tura magidanta zuwa gare shi. Don haka bututun da ya shafi rayuwar iyali a Kafanchan a yau shi ne ɗan gajeren nan da ke tsakanin tukunya da murhu.

Akwai bambanci tsakanin nau'o'in gas ɗin biyu. Wanda AKK zai ɗauko ya fi iska sauƙi, idan ya yi yoyo sama yake tashi. Na tukunya kuwa ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, ya taru a lungu ko ƙarƙashin kabad har ya haɗu da tartsatsin wuta. Haka kuma murhun da aka yi domin ɗaya ba ya aiki daidai da ɗayan sai an sauya masa kan wuta.

Saboda haka ne ake son a ajiye tukunya a wajen kicin, a tsaye, a inuwa, inda iska ke kaɗawa. Daga nan sai a ja bututun jan ƙarfe ko na ƙarfen da aka yi domin gas, a kafe shi a bango, a sanya makulli kusa da murhu inda hannu zai kai cikin gaggawa. Tiyon roba ana amfani da shi ne a ɗan taƙaitaccen wuri, a ɗaure bakinsa da maɗauri, ba da tsumma ko robar taya ba. Tiyon ruwa da bututun roba na famfo ba su da gurbi a wannan aiki.

Bayan an gama haɗawa, wajibi ne a gwada kafin a kunna wuta. Ana shafa kumfar sabulu a kowace mahaɗa, idan ta yi ƙwai to akwai yoyo. Ba a gwaji da ashana. Idan aka ji warin gas, wanda da gangan ake sanya shi domin faɗakarwa, sai a rufe tukunya, a buɗe ƙofofi da tagogi, kada a taɓa makunnin lantarki. Tiyon da ya bushe ko ya tsage a sauya shi nan take, musamman bayan hunturu. Ita ma tukunyar tana da wa'adi: Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, SON, ta ƙayyade mata shekara 15.

Jihar Kaduna ta riga ta ɗanɗana ɗacin sakaci da gas. A ranar 4 ga watan Janairun 2020, fashewar da ta auku a wani shagon sayar da gas a Sabon Tasha ta yi sanadin mutuwar mutane, ciki har da Shugaban Hukumar Makamashin Nukiliya ta Ƙasa, Farfesa Simon Mallam. Bayan haka ne gwamnatin jihar ta ba da umarnin rufe irin waɗannan shaguna a unguwannin jama'a.

Matakin ya shafi masu sayarwa, amma abin da ke cikin gida yana hannun mai gida da wanda ya kira ya yi masa aiki, wanda sau da yawa mai aikin famfo ne ko mai walda da bai koyi aikin gas ba. Araha kuwa, in ji Hausawa, ba ta ado.

A nan ne hukumomi ke da rawar takawa. Hukumar NMDPRA, wadda Dokar Masana'antar Man Fetur ta 2021 ta kafa, ita ke kula da rarraba gas, yayin da KASUPDA ke ba da izinin gini a jihar. Idan aka sanya tsarin bututun gas cikin sharuɗɗan izinin gini, aka kuma horar da matasa tare da ba su takardar shaida, magidanci zai san wanda zai damƙa wa amanar gidansa.

Gwamnatin Tarayya ta ayyana 2021 zuwa 2030 a matsayin shekaru goma na bunƙasa iskar gas. Ko AKK ya iso Kudancin Kaduna da wuri ko ya jinkirta, ƙwararrun da za su haɗa shi da gidaje su ne waɗanda ya kamata a fara horarwa tun yanzu a kan tukunyar girki.