Harsashin da ke ƙarƙashin katifa

Tun ranar 24 ga Maris 2018, lokacin da Janar T. Y. Danjuma ya tsaya a bikin yaye ɗalibai na Jami'ar Jihar Taraba a Jalingo ya ce wa jama'a su tashi su kare kansu, maganar kare kai ba ta bar bakin masu bi a arewa ba. A watan Yunin 2022 gwamnatin Zamfara a ƙarƙashin Bello Matawalle ta ce wa mutanenta su nemi lasisin bindiga, Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan iko. Bayan kashe-kashen jajibirin Kirsimeti na 2023 a Bokkos da Barikin Ladi, da na Yelwata a Binuwai a watan Yunin 2025, muhawarar ta ƙara zafi a taron dattawa, a zumuntar maza, har da bakin ƙofar majami'a bayan an tashi sujada. Wasu suna kawo Nehemiya sura 4, inda magina suke aiki da makami a kusa da su. Wasu suna kawo Matiyu 26, inda Ubangiji ya hana Bitrus takobi.

Wannan muhawara tana da muhimmanci, kuma ba za mu gama ta a wannan shafi ba. Amma yayin da ake ta yin ta, akwai abin da ya riga ya faru a ƙauyukanmu. Bindiga ta shiga gidaje da yawa, wasu ta hanyar farauta da aka gada, wasu ta hanyar aikin banga, wasu kuwa saboda tsoro kawai. Inda bindiga ta shiga, harsashi da albarushi sun bi ta. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: ina ake ajiye su, kuma wa yake kwana kusa da su?

Mu fara da manya, domin su ma abin ya ci su. Ranar Lahadi 27 ga Janairu 2002, rumbun makaman barikin soja na Ikeja a Legas ya kama da wuta. Mutane fiye da 1,000 suka mutu, akasarinsu a cikin gudu, inda suka faɗa magudanar ruwa ta Oke-Afa, yara da yawa a cikinsu. A watan Yunin 2024 rumbun makamai ya fashe a Njamena. A ƙarshen Afrilun 2025 aka ji fashewa a barikin Giwa da ke Maiduguri, sojoji suka danganta ta da tsananin zafin gari. Waɗannan wurare ne masu gadi, masu ƙwararru, masu dokokin ajiya a rubuce. Wanda ya fi kusa da maganarmu shi ne na unguwar Bodija a Ibadan, daren 16 ga Janairu 2024. Gida ne na haya a tsakiyar unguwa, Gwamna Seyi Makinde ya ce masu haƙar ma'adinai ba bisa doka ba ne suka tara nakiya a cikinsa. Mutane biyar suka rasu, fiye da 70 suka ji rauni, gidaje masu yawa suka lalace. Maƙwabtan da suka mutu ba su san abin da ke bayan katangarsu ba.

Wani zai ce, harsashi goma na bindigar farauta ai ba rumbun soja ba ne. Gaskiya ne. Harsashin da ke zube ba a cikin bindiga ba, idan wuta ta kama shi, yakan fashe ya watsa ƙwansonsa, amma ba ya tafiya da ƙarfin da yake yi idan an harba shi. Sai dai bindigar da aka bari da harsashi a cikinta, idan gobara ta same ta, takan harba da cikakken ƙarfinta, kuma duk inda bakinta ya fuskanta nan harsashin zai nufa, ko da masu kawo ruwa ne suke wurin. Albarushin bindigar toka kuwa ya fi wannan sharri. Tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Ƙyastun ashana, guntun taba, garwashin da yaro ya ɗebo daga murhu, duk sun isa.

A ganina babban haɗarin ma ba gobara ba ce. Yara ne. Kowane uba yana zaton yaransa ba su san maɓoyarsa ba, kuma kusan kowane uba ya yi kuskure. Ƙarƙashin katifa, saman silin, cikin jinkar ɗaki, bayan buhun masara a rumbu: duk wuraren nan yaro ɗan shekara takwas ya riga ya leƙa su, tun ranar da yake neman inda aka ɓoye kuɗin makaranta ko naman Kirsimeti. Bindigar toka tana da wata matsala ta musamman. Da yake ta baki ake ɗura ta, cire ɗurin yana da wuya, don haka mafarauta da yawa sukan dawo daga daji su rataye ta a bango da ɗurinta. Bayan wata guda mai ita ma ya manta. Yaro ya ɗauka yana wasan soja da ƙaninsa. Sauran labarin fastoci da yawa sun san shi, domin su ne ake kira su yi jana'iza.

Shi ya sa ƙa'ida ta fari da duk masu koyar da riƙon bindiga suka yarda da ita ita ce a raba bindiga da harsashinta. Bindiga babu kome a ciki, a kulle a wuri guda. Harsashi a kulle a wani wuri dabam. Makullan kuma a jikin mai gida, ba a rataye a ƙusa ba. Akwati mai ƙarfi da kwaɗo ya wadatar ga harsasai, a bar su cikin kwalinsu na asali, a ɗaga akwatin daga ƙasa, a ɗakin da ya fi sanyi da bushewa. Kada ya kusanci madafa, ko jarkar fetur ta janareto, ko kananzir, ko buhunan taki. Sararin da ke tsakanin silin da kwano, wanda mutane suke so don ɓuya, shi ne wuri mafi zafi a gidan a watan Maris da Afrilu, zafi kuwa yana lalata albarushin da ke cikin harsashi a hankali. Damina ma tana da nata. Laima tana sa gindin harsashi ya yi tsatsa, ta kumbura na takarda, ta kashe wasu. Harsashin da laima ta taɓa wani lokaci yakan yi jinkiri: a ja kunama shiru, mutum ya juyo da bindigar don ya duba, sai ta tashi. Idan bindiga ta ƙi tashi, a riƙe bakinta yana fuskantar inda babu kowa, a jira kamar minti ɗaya kafin a taɓa kome. Albarushi kuma, mafarauci ya ajiye kaɗan, daidai buƙatarsa, nesa da ɗakin kwana.

Na san amsar da ɗan'uwa daga Mangu ko Zangon Kataf zai ba ni. Zai ce, malam, maharan nan da tsakar dare suke zuwa, kana so in tsaya neman makulli? Wannan ba tambayar wasa ba ce, kuma wanda bai taɓa kwana a daji da iyalinsa ba ya kamata ya sassauta murya kafin ya amsa. Amma mu lissafa dare nawa ne a shekara. Daren hari, in ya zo, ɗaya ne. Sauran darare da ranakun duka, bindigar tana zaune da yara, da baƙi, da saurayin da ya sha burkutu, da miji da mata da suka yi faɗa, da maƙwabcin da ake rigimar iyakar gona da shi. Tana kuma zaune da mutumin da aka kashe masa iyali, wanda ba ya barci, wanda wani lokaci tunanin kashe kansa yakan zo masa. Ikkilisiyoyinmu cike suke da irin waɗannan 'yan'uwa, kuma ba mu cika faɗa ba. Mintoci biyun da ake ɗauka a buɗe kwaɗo biyu sukan isa fushi ya sauka, ko mata ta kira maƙwabci. Idan akwai wanda yake cikin irin wannan hali a gida, abin da ya fi shi ne makamin ya bar gidan gaba ɗaya har ya samu sauƙi. A ƙauyen da ake jiran hari kuma, abin da ke ba mutane lokaci shi ne masu gadi da suke farke da hanyar sanar da juna da wuri. Wanda aka tashe shi da wuri yana da lokacin buɗe akwati.

Littafi Mai Tsarki bai san bindiga ba, amma ya san wannan matsala sarai. A Maimaitawar Shari'a 22:8 an umarci mai gina sabon gida ya kewaye rufinsa da 'yar katanga, domin idan wani ya faɗo, alhakin jinin yana kan gidan. A Fitowa 21:28-29 an bambanta tsakanin mai sa da bai san sansa yana tunkuyi ba, da wanda aka riga aka faɗa masa amma ya ƙi ɗaure shi; na biyun ana lissafta masa mutuwar. A duka biyun babu wanda ya yi niyyar kisa. Shari'ar ta duba abin da mutum ya sani da abin da ya ƙi yi. Mai harsashi ya san abin da harsashi yake yi. Faɗin "tsautsayi ne" a bakin kabari yana iya sanyaya zuciyar iyali, amma bai kamata dattawa su bar kalmar ta rufe tambayar da Nassi ya yi ba.

Sai maganar doka, wadda mai bi ba shi da ikon tsallakewa idan yana karanta Romawa 13. Dokar Makamai ta Najeriya, wadda asalinta na 1959 ne, ta kasa bindigogi gida uku. Na yaƙi, irin su AK-47, sai da izinin Shugaban Ƙasa. Na amfanin kai, kamar bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu, lasisinsu a hannun Sufeto Janar na 'yan sanda yake. Bindigar toka kuwa Kwamishinan 'yan sanda na jiha ne mai ba da izininta. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne harsashi ma yana ƙarƙashin wannan doka: wanda ba shi da lasisin bindigar ba shi da izinin riƙe harsashinta, ko da babu bindiga a gidan. Hukuncin riƙe makamin yaƙi ba da izini ba yana farawa daga shekara 10 a kurkuku. Gwauruwar da mijinta ya mutu ya bar kwalin harsashi a akwati, da saurayin da abokinsa ya ce "ajiye mini wannan zuwa jibi", dukansu suna cikin haɗarin da ba su sani ba.

Daga nan ne nake roƙon majalisun ikkilisiya su tsaya da ƙarfi a kan abu ɗaya: majami'a, da ofishinta, da gidan fasto, kada su zama ma'ajiyar makami ko harsashi na kowa, ko na 'yan banga ne. Wurin da ɗaruruwan yara suke taruwa don makarantar Lahadi ne. Bayan haka, kwali ɗaya da za a samu a bincike ya isa a shafa wa dukan ikkilisiyoyin yankin baƙin fenti, ya kuma ba masu neman dalili dalilinsu.

Tsohon harsashi da ya yi tsatsa ko ya kumbura, kada a jefa shi a wuta, ko a juji inda ake ƙona shara, ko a masai, kada kuma a binne shi a gona inda garma za ta tono shi. 'Yan sanda ake miƙa wa. Da yake mutane suna tsoron a juya musu magana a caji ofis, hanyar da ta fi ita ce mai unguwa ko dagaci tare da dattijon ikkilisiya su fara sanar da DPO, a shirya yadda za a karɓa, a kuma nemi takardar shaida. 'Yan'uwanmu da suke komawa gonakinsu a Borno, Yobe da arewacin Adamawa suna da ƙarin abin lura, domin yaƙi ya bar abubuwan da ba su fashe ba a cikin ƙasa, kuma yara masu tsintar ƙarfe don sayarwa su ne suka fi ɗaukarsu. Duk ƙarfen da ba a gane ba, a bar shi inda yake, a sa alama daga nesa, a janye yara da dabbobi, a sanar da sojoji ko 'yan sanda mafi kusa. Wannan sanarwa ce da malaman makarantar Lahadi za su iya yi cikin minti biyar, kuma lokacin da ya fi dacewa da ita shi ne kafin a fara sharar gona.